Jirgin ƙasan Jos zuwa Kuru: zai iya ɗaukar mutane da kaya ya riƙe kansa?

Alhaji, tambayarka ta iso ni. Ka ce kana sayen dankalin turawa a Bokkos da Mangu kana lodinsa zuwa kudu, kuma kuɗin mota ya ishe ka. Ka ji gwamnatin Filato ta haɗa hannu da hukumar jiragen ƙasa domin jirgi ya dawo aiki tsakanin Jos da Bukur da Kuru, shi ne kake son sanin ko ɗan guntun layi irin wannan zai iya ɗaukar mutane da kaya har ya riƙe kansa, ko kuwa gara a haƙura a jira sabon layi irin na Abuja zuwa Kaduna.

A aikin gyaran dogo na yi ƙuruciyata har na tsufa, don haka zan faɗa maka yadda na san abin. Jirgin fasinja tsakanin Jos da Kuru abu ne mai amfani, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, amma kuɗin tikiti ba zai taɓa riƙe shi ba. Kaya ne ke ciyar da layin dogo, shi kuwa kaya ba ya hawa jirgi don tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba. Saboda haka rayuwar wannan layi tana Kafanchan, inda ya haɗu da babban layi. Jos ta taɓa ganin wannan da idonta, shi ya sa zan fara da tarihin.

Kafin jirgi ya zo, a ka ake ɗaukar kuza. 'Yan dako ne ke sauka da ita daga kan tsauni su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Da layin Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, kamfanonin haƙar kuza suka matsa wa gwamnatin Turawa lamba sai an jawo musu reshe. Aka fara shi daga Zariya, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ya kai Rahama a 1912, ya hau ta Jengre da Naraguta ya shigo Jos, ya ƙare a Bukur a 1914. Tsawonsa wajen kilomita 230. Don a rage kashe kuɗi sai aka yi shi siriri, faɗin tsakanin dogo da dogo ƙafa biyu da rabi, wato milimita 762, alhali babban layi ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Ga inda matsalar take: taragon ƙaramin layi ba zai hau babba ba. Duk buhun kuza da ya iso Zariya sai leburori sun sauke shi sun sake loda shi a wani tarago, haka ma duk wani ƙarfen injin haƙa da ya taso daga Legas.

A 1927 sai aka jawo wani reshen daga Kafanchan zuwa Jos, mai faɗi ɗaya da babban layi, tsawonsa wajen kilomita 100. Nan take lissafi ya canza. Kuza ta koma bin Kafanchan ta gangara Fatakwal a tarago ɗaya ba sauke-sauke, kwal na Inugu kuma ya riƙa hawowa kai tsaye zuwa wuraren haƙa. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932 hanyar ta ƙara miƙewa. Ƙaramin layin Zariya bai mutu a ranar ba. Ya ci gaba da jan fasinja da amfanin gona na garuruwan da ke bakinsa har shekara 30, motoci na ƙwace masa ɗan abin da ya rage, har aka rufe shi a 1957. Mutane na hawansa har ƙarshe, abin da ya rasa shi ne kaya mai nauyi mai tafiya nesa. In ka je gidan tarihi na Jos za ka ga kawunan jiragensa da taragunsa a ajiye, ka kai yara su gani.

Shekara guda bayan rufe shi, a 1958, aka fara jan layi daga Kuru zuwa Borno da rancen Bankin Duniya. Ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Tun daga nan Kuru ta zama mahaɗa, Jos kuma ta zama ƙarshen wani ɗan reshe da ya fita daga Kuru. To wannan ɗan reshen ne ake magana a kansa yanzu.

Dalilin da ya sa tikiti ba ya isa kuwa shi ne yawancin kuɗin da layin dogo ke ci ba ruwansa da yawan jiragen da suka wuce. Mai tirela yana biyan mai da direba da taya, titi kuwa gwamnati ce ta shimfiɗa masa. Jirgin ƙasa shi ke ɗauke da nauyin hanyarsa. Ko jirgi ɗaya ne ya wuce a yini ko ashirin, dole a biya masu duba dogo, da masu tsaron mararraba, wato inda titi ya tsallaka dogo, da ma'aikatan tasha, a sare ciyawa, a yashe kwalbati, a duba gada. In jiragen sun yi yawa sai wannan kuɗi ya rarrabu a kansu ya yi sauƙi. In jirgi biyu ne kawai, na safe da na yamma, su biyun za su ɗauke shi duka, ga shi kuma an sa tikitin da araha da gangan don talaka ya samu sauƙi bayan cire tallafin fetur a 2023. Wannan ba laifin Jos ba ne. Ko a Turai yawancin jiragen da ke kai ma'aikata cikin gari gwamnati ce ke cike musu giɓi. Abin da nake so shi ne a faɗi haka a fili tun farko, a sa kuɗin a kasafin kowace shekara kamar yadda ake sa na asibiti da makaranta. Layin da aka buɗe da alkawarin zai ciyar da kansa, ranar da aka ga bai yi ba sai a ce ya gaza, a janye hannu.

Kuma yana da abin da zai bayar. Jos gari ne da ya miƙe a tsaye daga arewa zuwa kudu, jama'a da wuraren aiki sun jeru daga Taminus har Bukur, kilomita 16 ko kusa da haka, kuma dogon ya ratsa ta tsakiyarsu. Garuruwa da yawa sai sun rushe gidaje sun biya diyya kafin su samu irin wannan hanya, mu kuwa gado muka ci. Sai dai fasinjan gajeriyar tafiya ba araha kaɗai yake nema ba. Ma'aikacin da zai shiga ofis ƙarfe takwas yana so ya san in an ce jirgi zai tashi bakwai saura kwata, to zai tashi. In ya makara sau biyu ko uku zai koma bas da keke, kuma da wuya ya dawo. Sannan layin ƙwaya ɗaya ne, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tashar da ke da layin ratse, inda ɗaya zai tsaya ɗaya ya wuce. Yawan waɗannan wuraren ratse shi ke yanke yawan zirga-zirgar da za a iya yi a yini, ko da an sayo taragu ɗari. Kan jirgi kuma bai kamata ya zama ɗaya tilo ba, don ranar da ya shiga gyara aiki ya tsaya ke nan.

Mararraba ita ce ta fi tsorata ni. Shekarun da jirgi ya yi ba ya wucewa sun sa mutane sun manta da shi. An kafa rumfuna a gefen dogo, ana shanya kaya a kansa, yara sun taso ba su taɓa jin ƙahonsa ba. Jirgi ba ya kaucewa, kuma in direba ya ja birki sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, gwargwadon nauyinsa da gudunsa. Kowace mararraba mai cunkoso tana bukatar mutum da tuta da shinge, kuma a biya shi albashinsa a kan lokaci.

Yanzu ga naka ɓangaren, wato kaya. Ƙarfin jirgin ƙasa yana cikin tayarsa: ƙarfe ne ke gungurawa a kan ƙarfe, ba ya cin ƙarfi kamar roba a kan kwalta, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan abin da tireloli da yawa za su ɗauka da mai kaɗan. Tirelar siminti buhu 600 take ɗauka, tan 30 ke nan, tarago ɗaya na tsohon layinmu kuwa yana ɗaukar wannan ko fiye. In an haɗa tarago 20 an cire tirela 20 daga kan titi. Amma wannan riba a kan hanya ake samunta, kilomita bayan kilomita. A farkon tafiya da ƙarshenta jirgi asara yake jawowa, don ba ya zuwa gona kuma ba ya shiga kasuwa.

Ɗauki dankalinka. Ka saye shi a kasuwar Maikatako ta Bokkos, ka loda a mota. Dogo bai je Bokkos ba, don haka motar za ta kawo shi Kuru ko Bukur, 'yan dako su sauke, su loda a tarago. In Jos za a kai shi, to motar da ta kawo shi Kuru ai da ta ƙarasa da shi kasuwar Farin Gada ta Jos cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, ka ga babu mai hankalin da zai sauke. In Fatakwal ko Aba za shi, nan ne lissafi zai fara yin daɗi, don tafiyar ɗaruruwan kilomitoci ce, rangwamen da za ka samu a hanya zai biya kuɗin lodi biyu da saukewa biyu har ya bar maka canji. Sai dai kowane ɗauka da ajiyewa yana ƙuje dankali, wanda ya ƙuje kuma shi ke fara ruɓa ya shafi na kusa da shi. Tarago rufaffe na ƙarfe in ya kwana biyu a rana a Kafanchan yana jiran kan jirgi, ko ya tsaya a zafin Makurɗi, abin da za ka buɗe ka tarar ba zai yi maka daɗi ba. Tumatir da kabeji sun fi shi rauni ma. Kayan gwari sai da tarago mai shan iska ko mai sanyi, da jirgi mai ranar tashi da ranar isa tabbatattu. In babu waɗannan biyun, shawarata ka ci gaba da motarka.

Kayan da ya dace da jirgi shi ne mai nauyi, mai yawa, wanda ba ya lalacewa, kuma yana tashi daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya a kai a kai: siminti, takin zamani, masara da dawa, ƙarafunan gini, ma'adinai, kwantena daga tashar jiragen ruwa. Ga simintin Ashaka a jihar Gombe a gefen layin Borno. Ga takin da manoman Filato ke nema kowace damina, daga kudu yake hawowa. Ga masana'antun abinci da na abincin kaji a Jos da Bukur masu cinye hatsi tan-tan. Ga shanun Kara a Bukur, waɗanda a da jirgi ke kai irinsu kudu. Mafi kyau duka shi ne kamfanin da aka ja masa ɗan reshen dogo har cikin harabarsa, a loda a ƙofar sito, a sauke a ƙofar sito. Irin wannan abokin ciniki guda biyu ko uku, masu yarjejeniyar shekara, sun fi fasinja dubu amfani ga asusun layi. Kuma a nemi kayan dawowa. Taragon da ya hawo da taki ya koma wayam, kuɗin komawarsa a kan mai takin zai faɗa. In kuwa ya gangara da masara, kowa ya samu sauƙi. A nan ne ku 'yan kasuwar amfanin gona kuke da daraja a wurin masu jirgi, don ku ne masu kayan gangarawa.

Akwai wani abu na Filato da ba a cika lissafawa da shi ba, wato hawa. Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku, Kafanchan tana ƙasa da ita da ɗaruruwan mitoci, layin kuma sai ya yi ta kwana yana lallaɓa gefen tsauni ta wajen Kagoro da Manchok kafin ya hau. Santsin ƙarfe a kan ƙarfe da ke rage shan mai a fili shi ne ke zama matsala a hawa. Da asuba in raɓa ta jiƙa dogo, ko an yi yayyafi, za ka ji injin na ruri taya na juyawa a wuri ɗaya, sai direba ya saki yashi ta wani ɗan bututu a gaban tayar kafin ta kama. Kan jirgin da zai ja dogon zaren taragu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a nan sai an rage masa ko a ƙara masa na biyu. Gangarawa kuma aikin birki ne, kowane tarago sai birkinsa na kamawa. Duk mai yi maka lissafin kuɗin dakon jirgi zuwa Jos bai sa wannan a ciki ba, lissafinsa na takarda ne.

Abin da ya fi komai cin raina shi ne kula da dogon kansa, don shi ne aikin da ba a yanka masa ƙyalle. Dogo yana zaune a kan silifa, wato ƙarafuna ko katakai ko kankaren da ke gicciye a ƙarƙashinsa, fiye da dubu a kowace kilomita, silifa kuma tana zaune a cikin tsakuwa. Tsakuwar ce ke raba nauyi ta kuma tsane ruwa. Ruwa shi ne babban abokin gaba, Filato kuwa Allah ya hore mata shi. Kwalbati ɗaya ya toshe da shara da leda a watan Yuli, ruwa ya kwanta a gindin dogo, ƙasa ta yi laushi. Jirgi in ya taka wurin silifa ta nutsa ta taso, taɓo ya riƙa tsartuwa ta tsakanin tsakuwa. Mai duba layi da ya san aikinsa daga nesa zai hango wurin, don tsakuwar ta yi jar laka alhali ta kusa da ita fes take. Yana tafe da guduma da sifana a kafaɗa, yana buga kowace mahaɗar dogo yana saurare. Mai lafiya ƙara take yi tsaf, wadda notinta ya kwance kuwa sai ta amsa da wata irin kwaramniya. Ya ɗaure, ya wuce gaba. In an gyara wurin lakar a makon, aikin mutum huɗu ne da shebur. In an bar shi damina biyu, sai an kawo injin ɗaga tarago daga rami.

Wannan mai tafiya a ƙasa shi ne kuma maganin ɓarayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: layin da jirgi ke bi kullum, ma'aikata na sintiri, mutanen ƙauye na amfana da shi, da wuya a kwance masa ƙusa. Wanda aka bari shiru kuwa, a hankali za a fara da noti da maƙalai, a koma silifa, a ƙare da yanka dogon kansa a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. An sha kama motoci maƙare da ƙarafunan dogo a jihohin tsakiyar ƙasar nan. Wannan ma dalili ne na goyon bayan jirgin fasinjan Kuru ko da ba ya kawo riba, don yana tsare hanyar har ranar da kaya zai dawo. Kuma a ɗauki masu duba layin daga garuruwan da ya ratsa.

Batun jiran sabon layi kuwa, ban yarda da shi ba. Na Abuja zuwa Kaduna, daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186 ne, an buɗe shi a 2016, faɗinsa milimita 1,435. Yana da gudu da daɗin zama, ba musu. Amma ko kusa da Filato bai zo ba, kuma jan irinsa ya hau wannan tsauni kuɗi ne mai yawan gaske, don mai gudu ba ya son kwana mai tsanani, sai an fasa duwatsu an gina dogayen gadoji. Faɗin ƙafa uku da rabi ba shi ne ciwonmu ba. Afirka ta Kudu da shi take jan kwal da tama a jiragen da ke cikin mafi nauyi a duniya, Japan ma yawancin layukanta na yau da kullum wannan faɗin ne. Siminti bai damu da gudu ba, in zai isa ranar da aka ce. Abin lura kawai shi ne yanzu ƙasar na da faɗi iri biyu, kuma duk inda suka haɗu za a koma sauke-sauken da aka yi a Zariya shekaru ɗari da suka wuce. Kwantena ce ke rage wannan wahala, don ƙugiya za ta ɗaga ta ɗungurungum daga wannan tarago zuwa wancan.

Gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, an ƙaddamar da shi a watan Maris na 2021, ɓangaren Fatakwal zuwa Aba kuma ya fara aiki a 2024. Ranar da gyaran ya iso Kafanchan ya hau Kuru, ranar ce tambayarka ta kaya za ta samu amsa ta zahiri. Akwai kuma hanya ta biyu daga Kafanchan zuwa Kaduna, wadda ke haɗa mu da layin Legas zuwa Kano. Gyaran kundin tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, wadda a da ta gwamnatin tarayya ce kaɗai, don haka Filato da Kaduna da Bauchi da Gombe suna iya haɗa kai su matsa a gyara abin da ya ratsa su.

Kafin nan, Alhaji, ku a ƙungiyarku ta masu dankali akwai abin da za ku fara. Ku riƙa rubuta yawan motocin da kuke lodawa kowane mako, da garin da kowace ta nufa, da watannin da kaya ke yawa, da abin da kuke biya. Masu jirgi ba sa ware tarago don buhu hamsin na mutum ɗaya, amma in ƙungiya ta zo da takarda ta ce muna da tarago biyar kowace Talata daga Yuli zuwa Oktoba zuwa Aba, dole a saurare ta. In an zauna, ku tambayi kwana nawa tafiyar za ta ci, wane irin tarago za a ba ku, a ina za a loda kuma akwai rumfa da sikeli a wurin, wa zai biya in kaya ya ruɓe saboda jinkirin da ba naku ba. Duk amsar da aka ba ku a rubuta ta a sa hannu. Farkon lodi kuma ku gwada da masara ko waken soya, ku ga yadda aka cika alkawarin lokaci sau uku ko huɗu, sannan ku sa dankali.